Babi na Uku: Ƙaunar da Ba Ta da Littafin Bashi

Duk matar da ta taɓa aurar da 'ya a ƙasar Hausa ta san littafin gudunmawa. Ranar biki akwai wadda ake zaunarwa a ƙuryar ɗaki, ƙanwar uwar amarya ko aminiyarta, riƙe da biro da ɗan littafin makaranta. Wance ta kawo dubu biyar, a rubuta. Wance turmin atamfa, a rubuta. Wance kuwa ta zo hannu rabbana, ta ci tuwo ta shafa baki ta tafi. Wannan ba a sa shi a takarda, a zuci ake rubuta shi, kuma ya fi na takardar daɗewa. In bikin wance ya taso sai a ɗauko littafin a duba. A al'adar biki ta dā, abin da aka kawo miki ninkawa kike yi in za ki mayar, ita ma ta ninka miki, har abin ya yi nauyin da ba mai iya ɗauka, sannan a yanke a koma ƙasa a sake farawa.

Ba na raina wannan tsari. Shi ya aurar da 'ya'yan talakawa tun ba a san banki ba, kuma zaman duniya cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Inda gizo ke saƙar shi ne mun saba da shi har mun ɗauke shi mun shiga da shi gaban Allah. Mutum ya yi azumi, ya ba da baiko, bai fasa zuwa sujadar safe ba ko ana ruwan sama, sai ya ji a ransa yanzu Allah ya ci masa bashi. In kuma ya yi tuntuɓe ya faɗi cikin zunubi, sai ya ɗauke ƙafa daga majami'a wata uku, yana jiran ya gyara halinsa tukuna kafin ya iya ɗaga ido. Mai taƙamar da mai ɓuyan abu ɗaya suke zato, wato ƙaunar Allah lada ce da ake bayarwa bayan an gama aiki.

Koyarwar Kirista ta juya wannan jerin ne gaba ya koma baya. Manzo Bulus, a sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya kafa hujjarsa a kan lokaci. Ya ce da ƙyar a sami wanda zai mutu saboda mutumin kirki, amma Almasihu ya mutu saboda mutane tun suna tsundum cikin laifinsu, tun ba su ko yi tunanin tuba ba. Yohanna ma a wasiƙarsa ta fari ya nuna cewa Allah ne ya fara, ƙaunar mutum kuwa amsa ce kawai. Tun a Tsohon Alkawari maganar take. Musa ya gaya wa Isra'ilawa kada su yi zaton yawansu ne ya sa aka zaɓe su, don su ne mafi ƙanƙanta cikin al'ummai. Annabi Yusha'u kuwa, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, an sa shi ya yi wa'azin da rayuwarsa. Matarsa Gomer ta bi wasu maza, aka umarce shi ya je ya dawo da ita, ya biya azurfa goma sha biyar da sha'ir ya fanso matar da tun farko tasa ce.

Amma inda maganar ta fi fitowa fili shi ne misalin da Yesu ya bayar a Luka sura ta 15, wanda muka saba kira labarin ɗan ɓatacce. Ya kamata a tuna dalilin da ya sa ya ba da shi. Malaman Attaura da Farisiyawa ne suke gunaguni cewa yana zama da masu karɓar haraji da mutanen banza, har yana sa hannu a akushi ɗaya da su. Su aka ba labarin, ba masu zunubin ba.

Wani mutum yana da 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin ya zo ya ce a ba shi gādonsa yanzu. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. Wa yake neman gādo uba yana raye? Daidai yake da ka dubi tsohonka ka ce masa ya daɗe bai mutu ba. A shari'ar Musa ɗan fari yana da kashi biyu, don haka abin da yaron nan ya kwasa sulusin dukiyar gidan ne, kuma dukiyar manomi gona ce da dabba, sai an sayar kafin ta shiga aljihu. Ke nan duk garin ya ga ana cinikin gonar dattijo yana da rai. Yaron ya yi nisa, ya ɓarnatar da kuɗin, yunwa ta faɗo wa ƙasar, ya ƙare a kiwon aladu, wanda ga Bayahude babu ƙasƙancin da ya kai shi. Har abincin aladun yake haɗiyar yawu a kai.

A nan masu wa'azi sukan ce ya tuba. Ni dai in na karanta wurin a hankali, ciki nake gani ya fara magana kafin zuciya. Ya tuna barorin gidansu suna ci har su bar saura. Sai ya shirya jawabi: zai amsa laifinsa, zai ce bai isa a kira shi ɗa ba, zai roƙi a ɗauke shi ɗan ƙwadago. Dubi dabarar da kyau. Ɗan ƙwadago ana biyansa, wanda ake biya kuwa yana iya tarawa, wata rana ya biya abin da ya cinye. Yaron yana hanyar gida, amma da lissafi a ka.

Uban ya hango shi tun daga nesa, wanda ke nuna idonsa ya daɗe a kan hanyar nan. Sai ya sheƙa da gudu. A ƙasar Yahudiya ta wancan zamani, kamar a Kano ko Zazzau, dattijo mai mutunci ba ya gudu a bainar jama'a. Ka ƙaddara maigida mai furfura ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ƙwaurinsa a waje, hula na neman faɗuwa, yana keta unguwa yara na kallo. Ya zubar da girmansa a titi don ya riga 'yan gari isa wurin yaron. Ya rungume shi da warin aladun da komai. Yaron ya fara jawabinsa, ya amsa laifi, amma bai kai ga maganar ƙwadago ba uban ya riga ya juya yana ba barori umarni: a kawo riga mafi kyau, a sa masa zobe, a ba shi takalmi, a yanka ɗan maraƙin da ake kiwatawa. Ba a tambaye shi ina kuɗin ba. Ba a ce ya zauna a zaure wata shida a ga kamun ludayinsa ba.

Sai babban wa ya dawo daga gona ya ji kiɗa. Da aka gaya masa dalili, ya ƙi shiga. Kuma a gaskiya, wa zai ce ba shi da hujja? Shekara da shekaru yana noma wa tsohon nan, bai taɓa ƙetare maganarsa ba, ko ɗan akuya ba a taɓa yanka masa ya ci da abokansa ba. Maraƙin da aka yanka ma, in an bi diddigi, daga cikin kasonsa ya fito, tunda ƙanen ya riga ya cinye nasa. Uban ya sake fita waje, karo na biyu a rana ɗaya, ya je yana lallashin wannan ɗan ma. Ya tuna masa cewa duk abin da ke gidan nasa ne, bai taɓa bukatar ya yi aiki don ya samu ba. A nan Yesu ya tsaya. Bai faɗi ko wan ya shiga ba. Ya bar Farisiyawan tsaye a bakin ƙofa su ba da amsar da kansu.

Yawancinmu da muke cika kujerun majami'a ran Lahadi ba ƙanen ba ne. Wan ne. Shi ya sa wannan koyarwa, wadda ake rera ta da daɗi a waƙa, take da ɗaci in ta zo kan wani takamaiman mutum da muka san abin da ya aikata. Misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura ta 20 ya fi ma ƙona rai. Mai gona ya ɗauki 'yan ƙwadago da asuba a kan dinari guda, ya ƙaro wasu da hantsi, wasu da tsakar rana, wasu da azahar, wasu kuma saura sa'a ɗaya a tashi. Da yamma ya biya kowa dinari guda, ya kuma fara da na ƙarshen don na farkon su gani da idonsu. Ba wanda aka ƙwara, kowa ya sami abin da aka yi alkawari. Abin da ya ɓata wa na asuba rai shi ne alherin da aka yi wa wani.

Ikilisiya ta sha yin faɗa a kan wannan batu. A farkon ƙarni na 5 wani malami daga Birtaniya mai suna Pelagius ya koyar cewa mutum yana da ikon kai kansa ga adalci in ya dage. Wanda ya tsaya masa ɗan Afirka ne, Augustine, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, mutumin da ya san daga tarihin ƙuruciyarsa cewa ba ƙoƙarinsa ne ya cece shi ba. Majalisar Carthage ta 418 ta yi watsi da koyarwar Pelagius. Bayan shekara dubu da ɗari, a 1517, Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus saboda takardun sassaucin hukuncin zunubi da ake sayarwa da kuɗi. Yau kuma cinikin ya dawo da sabuwar riga. Ka kunna rediyo ko ka buɗe Facebook za ka ji ana cewa ka "shuka iri" na dubu hamsin Allah ya ninka maka sau ɗari, ka kawo albashin watan Janairu ƙofarka ta buɗe. In bai buɗe ba, a ce bangaskiyarka ce ta yi kaɗan. Wannan littafin gudunmawa ne aka sa wa bangon Littafi Mai Tsarki, kuma gwauraye da masu neman aiki ne suke biyan kuɗinsa.

To, in mutum ya yarda da gaske cewa haka aka ƙaunace shi, ba da ciniki ba, yaya rayuwarsa za ta kasance? Maimakon in jero halaye, gara in ba da labarin mutum ɗaya.

A shekarar 1569 ƙasar Holan tana ƙarƙashin mulkin Sifen, kuma akwai wata ƙungiyar Kirista da hukuma take farauta. Ana kiransu masu sake baftisma, don sun ce baftismar jariri ba ta wadatar ba, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Yawancinsu kuma sun ƙi ɗaukar makami, sun ƙi rantsuwa. Hukuncin wannan a lokacin kisa ne. A garin Asperen aka kama ɗaya daga cikinsu, Dirk Willems, bisa laifin an sake yi masa baftisma a Rotterdam, ya kuma bari ana taron addu'a a gidansa. Aka kulle shi a wani gidan sarauta da aka mayar kurkuku. Ya ƙuƙƙulla tsummoki ya yi igiya, ya zuro ta taga, ya sauka ya ruga.

Lokacin sanyi ne, irin sanyin Turai da ruwan tafki yake daskarewa samansa ya zama ƙanƙara har a taka a wuce. Amma ranar ƙanƙarar ba ta yi kauri ba. Dirk, da yunwar kurkuku ta ramar da shi, ya taka ya haye lafiya. Mai gadin da ya biyo shi ya fi shi nauyi, yana tsakiya ƙanƙarar ta fashe, ya zurma cikin ruwa yana ihu. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, cikin 'yan mintoci sanyi yake kashe masa gaɓoɓi ya nutse.

Dirk yana ɗaya gefen, hanya a buɗe gabansa. Ba shi ya tura mutumin ba. Da ya ci gaba da gudu ba wanda zai zarge shi, 'yan'uwansa ma da sun ce Allah ne ya yi masa faɗa, kamar yadda teku ta haɗiye rundunar Fir'auna. Ya juyo. Ya sake taka ƙanƙarar da ya ga ta fashe yanzun nan, ya miƙa hannu ya jawo mutumin ya fitar da shi. Mai gadin ya so ya ƙyale shi ya tafi, amma magajin garin yana tsaye a gaɓa, ya daka masa tsawa ya tuna masa rantsuwar aikinsa. Sai mutumin da aka ceto ya kama wanda ya cece shi. Wannan karon a hasumiyar majami'a aka kulle shi, inda babu tagar tsira. Ranar 16 ga Mayu 1569 aka ƙone shi da wuta a bayan gari. Iska tana kaɗawa a ranar, tana kore harshen wutar daga saman jikinsa, don haka mutuwar ta yi jinkiri, har an ce mutanen garin Leerdam da ke kusa sun jiyo kukansa.

Mukan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ina son karin maganar nan, amma ba ta isa ta bayyana Dirk Willems ba. Alherinsa, a idon duniya, ƙasa ya faɗi. Mai gadin bai sake shi ba, magajin gari bai ji kunya ba, alƙalai ba su sassauta ba. In da don sakamako ya juyo, to ya yi asara. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba shi da lokacin yin lissafi. Mutum na nutsewa, daƙiƙa kaɗan ce tsakanin juyawa da wucewa. Abin da mutum ya yi a irin wannan ƙiftawar ido ba shawara ba ce, hali ne da ya riga ya zauna a jiki. Shekarun da ya yi yana jin cewa an mutu dominsa tun yana maƙiyi, su suka juya ƙafarsa kafin kansa ya gama tunani.

Zuriyar wannan bangaskiya ba ta ƙare ba. Mutanen Amish na Amurka, waɗanda har yau suke noma da dawaki, daga wannan tsatson suka fito. Ranar 2 ga Oktoba 2006 wani direban motar ɗaukar madara mai shekara 32 ya shiga makarantarsu mai aji ɗaya a Nickel Mines, jihar Pennsylvania, ya harbi 'yan mata goma, biyar suka mutu, ya kashe kansa. Kafin gari ya waye wasu daga cikin Amish sun riga sun je wurin iyalinsa yi musu ta'aziyya. Ranar jana'izarsa kimanin su 30 suka halarta. Da gudunmawa ta taru daga ko'ina, sama da dala miliyan 4, kwamitin da ke kula da ita ya ware wa matar makashin da 'ya'yansa uku kaso. Daga baya, mahaifiyar makashin ta riƙa zuwa duk mako tana yi wa ɗaya daga cikin yaran da harbin ya nakasa wanka, tana karanta mata littafi.

Wani reshe na wannan gida kuwa har ƙasarmu ya iso. A 1708, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, suka kafa ikilisiyar da ta ɗauki koyarwar ƙin ɗaukar makami daga masu sake baftisma. Jikokinsu na Amurka ne suka aiko Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923. Suka buɗe makaranta da asibiti, daga baya kuma wurin jinyar kutare, a zamanin da kuturu ko ƙwaryar shan ruwa ba a haɗawa da shi. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta tsiro ta bazu cikin Borno da Adamawa, tsakanin Bura da Margi da Kibaku da maƙwabtansu. Har yau suna riƙe da al'adar wanke wa juna ƙafa a lokacin jibin Ubangiji.

Sai ga shi ƙasar da wannan ikilisiya mai wa'azin salama ta yi saiwa ita ce Boko Haram ta mayar filin yaƙi. Cikin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok daren 14 ga Afrilu 2014, mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara aka mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka yi gudun hijira zuwa Jos. An kashe dubban membobinta, an ƙone majami'u bila adadin, a Fabrairun 2020 ma aka shiga Garkida kanta aka sa wa majami'u wuta. Koyarwar da aka gāda daga Turai ta zo gaban jarrabawar da ba ta littafi ba.

Ba zan ce kowa ya ci jarrabawar ba. Akwai matasan da suka ce haƙurin ya isa, kuma wanda bai binne nasa ba kada ya yi saurin yi musu hukunci. Amma ikilisiyar a matsayinta ba ta kira kowa ya rama ba, kuma an ga abubuwan da suka cancanci a rubuta. Dokta Rebecca Dali, matar shugaban EYN na lokacin, Rabaran Samuel Dali, ta riƙa bin sansanonin 'yan gudun hijira da ƙungiyarta ta CCEPI tana raba abinci da tufafi ba tare da tambayar addinin mai karɓa ba. Ta kuma tsaya wa matan da suka kuɓuto daga hannun 'yan ta'adda da ciki ko da goyo, waɗanda danginsu na jini suke gudu suna kiran jariransu jinin Boko Haram. An ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Geneva a 2017. Wani ma'aikacin ikilisiyar kuma, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda aka zaunar da Kirista da Musulmi da rikicin ya koro a unguwa ɗaya da gangan, a lokacin da kowa yake cewa a raba su shi ne zaman lafiya.

Na san abin da wani mai karatu yake faɗa a ransa tun ɗazu, don ni ma na sha jinsa a bakin mutane: rama cuta ga macuci ibada ce. In ka riƙa yafewa ba sharaɗi, ai ka ba mugu lasisi. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma amsar da ake ba shi daga bagade sau da yawa ba ta da kyau. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye ranar 9 ga Afrilu 1945, ya yi kashedi tun a 1937 game da alherin da ake rabawa da araha, gafarar da ba ta neman kowa ya sāke. Shi kansa bai ɗauki ƙaunar maƙiyi a matsayin naɗe hannu a bar mugu ya yi ta kisa ba.

Rashin sharaɗin yana wajen farawa ne. Ƙaunar ba ta jira ka gyaru kafin ta zo, amma in ta zo ba ta barinka yadda ta same ka. Dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi arziki da zaluntar mutanensa. Yesu ya gan shi a kan itace ya gayyaci kansa gidansa, bai gindaya masa komai ba. Bayan an shiga gida ne Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Karɓa ta riga tuba, amma tubar ta biyo, kuma da kuɗi a hannu ta zo.

Saboda haka gafara dabam, amana dabam, shari'a kuma dabam. Ma'ajin da ya cinye kuɗin ginin majami'a ana iya yafe masa yau, amma ba a mayar masa da makullin akwati gobe. Iyayen Chibok suna iya ƙin riƙe ƙiyayya su kuma ci gaba da neman gwamnati ta dawo da 'ya'yansu ta hukunta masu laifi, ba saɓani a ciki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne abin da ake yi wa matan aure. Mace ta zo wurin dattawan ikilisiya da kumburarren ido, a buɗe mata sura ta 13 ta Korintiyawa ta fari a ce ƙauna tana da haƙuri, ta koma ɗakinta. Wannan zalunci ne da ayar Allah. Ƙaunar mijin nan, in da gaske ake, ita ce a hana shi dukan, ko da sai an raba su gida, ko da sai an kai shi gaban hukuma. Barinsa ya ci gaba har ya kashe ta ba alheri ba ne gare ta, ba kuma alheri ba ne gare shi.

Akwai kuma wani girman kai da yake kama mu Kirista in muna wannan magana, kamar mu kaɗai muka san jinƙai. Yesu ya riga ya toshe wannan ƙofa. Da masanin Attaura ya tambaye shi wane ne maƙwabcinsa, a Luka sura ta 10, ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Firist ya wuce, Balawe ya wuce, duka ma'aikatan Haikali. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya masa kuɗin masauki, Basamariye ne, mutumin da Yahudawa suke ɗauka ɓatacce a addini, wanda ba sa ko shan ruwa a moɗarsa. Shi aka ce a yi koyi da shi. A watan Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa, dattijo mai shekara 83, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Ya fita ya tari maharan ya ƙi buɗe ƙofa, ya roƙe su har suka tafi. Duk faston da zai yi wa'azi a kan Basamariyen nan a Filato bai ambaci wannan limami ba, bai gama karanta nassin ba.

Yawancinmu ba za mu tsaya a bakin tafkin ƙanƙara ko ƙofar masallaci da maharan a gabanmu ba. Namu gwajin ƙanana ne, kuma kullum suke zuwa. Ɗan'uwan da kuka yi shari'ar gona da shi ya kwanta asibiti. Yarinyar ƙungiyar mawaƙa da ta yi ciki ba aure, aka dakatar da ita, kowa a zumuntar mata ya ɗauke kai, ga haihuwa ta matso ba ta da ko zanen goyo. Maƙwabcin da bai zo gaisuwar mahaifinka ba, yau nasa ya rasu. A irin waɗannan wurare ne hali yake zama a jiki, kuma ba a jiran sai zuciya ta yi sanyi tukuna. Mutanen Amish da kansu sun ce shawarar yafewa suka yanke a ranar farko, baƙin cikin kuwa shekaru suka yi suna fama da shi, wasunsu har da zuwa wurin masu ba da shawara. Ƙafa takan riga zuciya isa, zumunta kuwa dama a ƙafa take.

Roƙona na ƙarshe ga fastoci da dattawan ikilisiya ne, musamman a garuruwan da aka zubar da jini. Kada ku hau bagade ku umarci gwauruwar da aka yanka mijinta a gabanta ta yafe kafin Lahadi mai zuwa. Ba ku da wannan iko, kuma gafarar da aka ƙwata da tsawa ba gafara ba ce. Ku fara zuwa gidanta. Ku kai mudun masara, ku biya wa yaranta kuɗin makaranta, ku raka ta ofishin 'yan sanda in tana neman hakkinta, ku zauna ku saurare ta ko da Allah take tuhuma. Ku yi haka wata da watanni ba tare da kun nemi komai daga gare ta ba, har da yafewar. In ta tambaye ku dalili, sannan ku buɗe mata Luka sura ta 15.